Guntuwa a Hanyar Figil

Ranar da na iso da ita daga Duwala,
kwana biyu a hanya, ƙafar hagu ta kumbura kan kuloci,
'yan unguwa suka fito suna zagaya ta
kamar akuyar da aka sayo ba wutsiya.
Hamajoda makanike ya leƙa cikinta, ya tashi, ya kakkaɓe gwiwa:
"Tanimu, ina sauran motar?
Ko rabi ka biya suka ba ka rabi?"

Rabi na biya, ban musa ba.
Miliyan ɗaya da jaka ɗari takwas na sefa,
gumin keken ɗinki na shekara huɗu,
dararen jajibirin salla da idona ya yi ja kan allura.
Alhaji Sali ya zuba ninkin haka bakwai a jif ɗinsa,
tana tafe tana lilo kamar dorinar Binuwai bayan kiwo,
shi kuwa yana barci a baya. Direba ne ya san daɗinta, in tana da shi.

Tawa ba a barci a cikinta.
Da asuba, kafin manyan motocin auduga su farka,
nakan bar Garwa, Dutsen Tingelin na hamma a gefe.
A giya ta biyu tana gunaguni, ba ta son gari.
A ta uku, in allura ta haye huɗu,
sai ta share maƙogwaro,
kujera ta dafa bayana ta ce: riƙe.
Sitiyarinta ba ya ɓoye mini komai.
Tsakuwa, faci, yashin da ruwan jiya ya kwaso,
duk a tafin hannuna nake karanta su
yadda nake gane shadda ta gaske ido rufe.

Akwai wata kwana bayan Fitowa,
inda kwalta ke lanƙwasa kamar wuyan riga.
Nan manyan motoci ke taka burki suna salati.
Guntuwa takan sunkuyar da hanci, ta ciji hanya,
bayanta ya biyo ta ba gardama,
mu fita ina dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Ba zan yi mata ƙarya ba.
Ramin hanya in ta faɗa, har haƙorina yake ji.
Inna ta shiga sau ɗaya zuwa Gidar,
ta ce ƙugunta bai yafe mini ba.
Na'urar sanyi ta mutu tun a ƙasar Turawa,
a zafin bazara ni da ita tanda ɗaya muke.
Tagar dama sai da filaya take sauka.

Amma kwalabe kaɗan na zuwa-zuwa a bakin titi
sun kai ni sun dawo da ni.
In na kwantar da kujerun baya, na ɗaga ƙofar nan ta ƙeya,
keken ɗinki ya shiga, buhun albasa biyu,
da busasshen kifin Lagdo da warinsa ya ƙi fita har yau.

Ran wata Laraba na kai ta juyen mai.
Hamajoda ya ce bari ya ɗan gwada burki.
Ya tafi. Shayina ya huce, na sake wani.
Da ya dawo bai fito ba,
ya zauna hannu kan giya, inji na ƙas-ƙas yana hucewa,
hularsa ta koma kujerar baya bai sani ba.
Na miƙa masa kuɗin aiki, ya ture.
"Asabar," ya ce, "in za ka Figil, ka biyo ta nan.
Ni zan tuƙa zuwa. Kai ka dawo da mu."