Awon Ƙara a Kasuwar Kasala

An ba ni na'ura, ba ta kai tafin hannuna ba,
da takarda mai tambaya goma sha ɗaya.
Malama ta ce, je ki kasuwa ki auno mana ƙara.
Na je.

Da hantsi, a bakin tashar raksha,
lamba ta haura tamanin da huɗu.
Mai ruwa ya wuce da jakinsa yana dukan tanki,
ƙwal, ƙwal-ƙwal.
Na rubuta: hayaniya.

Ohaj mai gahawa ya leƙa takardata, ya yi dariya.
Ya ce tankin nan cike yake,
da ya kai rabi sai muryarsa ta yi kauri.
Sannan ya koma ga turminsa,
daka uku, bugu ɗaya a gefe,
mutanen rumfar barkono suka fara tasowa
ba wanda ya kira su.

Na tambayi Ɗahiru mai agashe
wane sauti ya fi damunsa.
Ya juya nama, ya daɗe.
Ya ce, ran da wuta ta ɗauke
injin niƙa ya yi tsit,
ran nan na ji tarin maƙwabcina.
Shekara tara muna jere
ban san yana ciwo ba.
Na duba takarda, a ina zan sa wannan?

Bayan azahar motar amarya ta ratsa,
guɗa ta tashi: casa'in da ɗaya.
Jim kaɗan wani ya saki ƙofar shago ta ƙarfe,
garam!
Casa'in da ɗaya.
Mahasin mai shayi, wadda ta baro Bahri
da 'ya'ya biyu da buta,
ta saki kofi, ta durƙusa bayan kurfoti.
Sai ta miƙe tana kaɗe zani,
ta ce hannunta ne da santsi.
Na'urata lamba guda ta ba su,
amaryar da ƙofar.

La'asar sakaliya, Dutsen Taka ya yi ja,
kunnena ya gaji, na bar abin a kunne na zauna.

Da dare kakata ta ce in sa mata ta ji aikin nawa.
Raksha, jaki, turmi, Larabci bisa Larabci,
can ƙasa, ƙasa da tarin akuya,
wani tsoho ya ce wa wani:
gusa mini, ɗan nan.
Ta ɗaga hannu. Maimaita.
Na maimaita.
Ta ce haka babanta ke jan maganar,
shi da ya taso daga Haɗeja a ƙafa
bai kai Makka ba.

Sau bakwai na mayar mata.
Gobe zan miƙa takarda,
tambaya ta tara har yanzu fanko ce,
kuma batir ya kusa mutuwa.