Tsanin Baba Mantau

Shekara ashirin da shida ina saɓa tsani a Agege,
tun ana ce mana Nepa,
sunan da yara ke yi wa shewa, manya su bi da tsaki.
In na jingina shi da turke, layi kan yi tsit.
Mai aski ya bar kai rabi,
Iya Risikatu ta fito tana gyara ɗaurin zani:
"Baba Mantau, rufa min asiri, kifina na firji."
Ban taɓa tambayar kowa ko ya gamsu ba.
Rijiya ɗaya ce a garin,
kuma guga na hannuna.

Sai aka sayar da mu.
Wata Litinin, ina karyawa da ƙosai a bakin titin jirgi,
na ji a rediyon mai shayi.
Aka sake mana riga, aka sake tambari,
wayar dai ita ce, da tsummokaranta.
Wani yaro mai taye, sa'an ɗana Barau,
ya koya mana murmushi a allo.
Ya ce daga yau babu "masu bashi",
sai "abokan ciniki".

Mitar kati ta zo ta cinye littafina.
Ba ta karɓar na goro, ba ta jin magiya,
ƙara kawai take yi, kamar gyare a daren damina.
Aka raba unguwanni aji-aji kamar 'yan makaranta:
tsallaken kwata haske har asuba,
nan kuwa sai an ga dama.

Bara Obinna ya buɗe shago a jikin turkena,
yana sayar da rana a faranti,
biya kaɗan-kaɗan.
Rufin kwano ya fara baƙi, gida bayan gida.
'Yan kasuwar shanu ma sun haɗa kuɗi
sun ja tasu wutar daga wani kamfani.

Jiya aka aike ni ba tsani,
sai takarda mai launi da alkawarin rangwame.
Na yi sallama ƙofar Iya Risikatu,
na tsaya, hula a hannu.
Ta karanta har ƙasa, ta ninke,
ta yi fifita da ita.
Sannan ta miƙo min ruwa mai ƙanƙara.
Na dubi wayarmu, na san ba mu muka sanyaya shi ba.

Na shanye.
Kafaɗar da ta saba da tsani
har yanzu a karkace take.