Akwatin da Ba Shi da Murya

Jaka goma sha bakwai na biya
a rumfar ƴan gwanjo, bayan tasha.
Mai kaya ya ce daga Kwatano ya zo,
shi dai ya ɗauka sikeli ne.
Maɓallai goma sha shida, baƙaƙe, masu taushi,
uku sun mutu tun a hannun wani
da ya bar mini maiƙon yatsunsa
da rabin sunansa a gindin akwati.

Na jona, na buga. Shiru.
Ashe ko muryar sauro ba shi da ita.
Ɗan aike ne: ka taɓa, ya ruga
ya gaya wa kwamfuta wa aka taɓa,
da wane ƙarfi, yaushe aka saki.
Abin da za a faɗa kuwa, ya rage naka.

Lawwali mai gyaran salula a Mokoyo
ya buɗe cikinsa, ya hura, ya ɗiga darma,
ya tada biyu.
Na ukun, ya ce, sai addu'a.
Abin murɗawa ɗaya ya ɓace,
muka sa marfin kwalbar turare.
Robar da ta tsage na lulluɓe ta
da guntun fatar jar akuya,
don yatsa ya san a Maraɗi yake.

Sai na shiga gari farautar amo.
Taɓaryar Gwaggo Tsayabba da asuba,
injin ɓarar gyaɗa na Bagalam,
kabu-kabun da ya ƙi tashi,
ruwan Agusta a kan kwano,
gulbi ran da ya kawo yana jan itace.
Kowa na ba shi ɗakinsa.
A na tara na sauke Kawu Ɗan Tani,
kalangunsa, daga kaset ɗin da rana ta lanƙwasa,
shekara takwas da rufe shi a Tibiri.

Amma kalangu babu hammata gawa ne.
Kwana huɗu ina koya wa ɗan sanda mai zamiya
yadda ake matse tsarkiya a sake ta,
har fata ta ce wani abu.
Tsakanin yatsa da amo akwai jinkiri,
bai kai ƙiftawar ido ba, amma ƙafa tana jin sa.
Na yi ta aske shi har ya kusa ƙarewa.

Daren Asabar, filin unguwar Zariya.
Wuta ta ɗauke tun kafin sallama,
janareto ya yi tari ya karɓa.
Na saki ruwa, na saki taɓarya,
yara suka taso da ƙafa biyu.
Na saki Kawu.

Wani tsoho mai sayar da goro
ya ajiye faifansa a ƙasa, ya matso,
ya leƙa akwati, ya leƙa fuskata.
Ya ce, yaro, wannan hannun Ɗan Tani ne,
amma shi ba ya gudu haka.
Ja shi.

Na murɗa marfin turare hagu,
hagu kuma,
sai da ya gyaɗa kai.

Ya ce, nan kuma tsayawa yake, ya share gumi.

Na duba, ban tanadi komai don wannan ba.
Sai mataccen nan na kusurwa,
wanda Lawwali ya bar wa addu'a.
Na ɗauke hannu daga kowa, na danna shi.
Fili ya yi tsit, sai janareto,
tsohon yana ƙirga da kansa:
ɗaya, biyu,
to, shigo.