Fijon Baba Tana Lumshe Ido

Daga Ƙofar Doka zuwa Kwangila
sau uku fitilarta ta lumshe ido,
kamar tsohon da gyangyaɗi ya sace a zaure,
ya farka ya ce ai yana ji.
In na taka birki, rediyo ya shaƙe.
In na danna ham, sai ta yi tari.

Na kai ta Tudun Wada, rumfar Tanimu mai wayarin.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya zaro ƙwan gwaji daga aljihu,
wayarsa duk ta sha salatif.

Batir sabo ne, in ji shi, kada ka ɗau alhakinsa.
Ya ja fambel da yatsa, bai saki ba.
Fis ɗaya-ɗaya ya ɗaga wa rana
kamar mai sayen ƙwan zabi.
La'asar ta yi, shayinmu ya huce,
ni ina lissafin abin da zan sayar.

Sai ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashinta.
Tafin ƙafarsa kawai nake gani.
Can na ji dariya.
Wata 'yar baƙar waya ce mai mayar da wuta jikin ƙarfe,
tsatsa ta ci gindinta, noti ya kwance,
shekara arba'in ba wanda ya gaishe ta.

Ya kankare, ya ɗaure tamau.
Wuta na nan, in ji shi,
hanyar komawarta ce ta toshe.

Bayan isha'i fitila tar.
Na karya kan mota zuwa Ƙofar Gayan,
gidan Goggo Dudu,
da rabona da shi tun sadakar bakwai ɗin Baba.