Wata Biyu Babu Rana

Agogo ya ce bakwai ta yi,
taga ta ce tsakar dare ne.
Na bi agogo. A Tromsø,
wanda ya jira rana ta tashe shi
sai Janairu zai sa takalmi.

Eilif ya riga ni farkawa,
yana tsaye a gadonsa, majina ta bushe a leɓe,
yana kiran babansa Steinar
da ke kan teku yau kwana tara,
yana jan kifi da hannuwa duk faso.

Tuva kuwa ba ta tashi sai an yi ciniki:
ta sha cokali guda na man kifi,
ni kuma in bar ta ta hure kyandir.
Ta haɗiye, ta yamutsa fuska,
ta ce, "Mama, kifin nan da fushi ya mutu."

Sai yaƙin sa kaya.
Ulu a kan fata, ulu a kan ulu,
babbar riga mai zif har wuya,
safa biyu, hula mai rufe kunne,
ƙafar hagu ta faɗa takalmin dama,
a cire, a sake.
Na gama, gumi na bin bayana,
na kama ƙofa ke nan:
"Mama, fitsari."

Safar hannu guda ta ɓace tun Talata,
ja ce, saƙar kakarsu Gunnhild.
Na duba ƙarƙashin kujera, na tambayi direban bas.
Yau Eilif zai fita da ja a hagu, shuɗiya a dama.
Sanyi bai taɓa tambayar launi ba.

Dattijo Oddvar ya riga ya share mana ƙofa,
ya jingine shebur, ya shige gida.
Shekara shida muna maƙwabtaka,
gaisuwarsa ke nan, kuma ta ishe ni.
Na ɗora yaran kan katakon sulu, ina ja,
ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin takalmi,
numfashinmu na tafe gabanmu fari fat.

Da tsakar ranar da ba rana,
sama takan yi shuɗi na ɗan lokaci,
kamar wanda ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa.
Lokacin nake naɗe Eilif a fatar tunkiya,
in tura kekensa waje ya yi barci a iska,
yadda uwata ta yi mini.
Duk da haka sau biyar nake leƙawa,
in taɓa hancinsa da bayan yatsa.

Daren Alhamis tari ya kama shi,
irin mai haushi kamar ɗan kwikwiyo.
Na rungume shi a bakin taga ina kirga numfashi,
wayar Steinar ba ta shiga,
shayina ya huce sau uku.
Sai ga koren haske yana rawa bisa tsauni.
Baƙi na biyan kuɗi su zo kallonsa.
Ni ban ɗaga kai sosai ba,
kunnena na kan ƙirjin yaro.

Tuva ta zana rana da fenti ruwan ƙwai,
ta manna a gilashi da cingam,
ta ce, kafin ta gaske ta dawo daga unguwa.

Ta kuwa dawo, ran da zazzaɓi ya sauka.
Muka hau tudu da koko a fulas,
ta leƙo tsakanin duwatsu biyu, 'yan mintuna,
jajir, ba ta ɗumama ko kunne ba.
Tuva ta yi ihu ta faɗi da baya.
Eilif, da ya manta akwai irin wannan abu,
ya kalle ta, ya kalle ni,
ya cika kumatu ya hura mata iska,
yana jira ta mutu kamar kyandir.

Na sa hannu a aljihu neman hankici,
sai na ji ulu.
Ja ce. Tun Talatar nan tana wurina.