Gurbi Na Biyu

Baba Hamajulde ya kawo ta a buhun shinkafa,
naɗe cikin tsohon rawani,
ya aza min a benci, nan rumfata ta bayan tashar Garwa.
Ya ce, "Sali, ta fara jan ƙafa."

Baƙa ce, mai kaurin bulo.
Harafin A ya goge saboda yawan rubuta auduga.
Shekara goma sha tara yana awo a ƙauyukan Pitowa,
kowane kilo, kowane bashin taki
yana cikinta.

Na kifa ta. Sukuru biyu, ɗaya kansa ya cinye.
Na zuba su a murfin kwalba kada kazar maƙwabci ta zaci hatsi ne.
Bayan 'yar ƙofa
ga ram ɗinta, kore, siriri kamar ɓawon rake,
mega ɗari biyu da hamsin da shida,
kusa da shi gurbi na biyu, wayam,
tun daga masana'anta ba wanda ya taɓa kwana a ciki.

Irin wannan ram an daina haihuwarsa.
Na yanzu ba ya shiga, tsagar bakinsu ta bambanta.
Sai na jawo gwangwanin madara
inda nake tara gadon waɗanda suka mutu.
Na ɗauki babba, giga guda,
na saka a karkace, na danna har ya ce ƙas.
Na kunna.
Tsuwa uku, allo baƙi ƙirin.
Tsohuwa ta ƙi baƙon da ya fi ƙarfin ɗakinta.

Na koma kan wani ƙarami
da na ciro daga wadda ruwa ya ci a Kuseri,
na goge haƙoransa da magogin fensir
har zinariyar ta fito.
Wannan karon ta yi tari, fanka ta juya,
ta fara ƙirga a hankali kamar mai lissafin canji:
ɗari biyar da goma sha biyu.

Baba ya matso. "To abin da ta manta zai dawo?"
Na ce ba ta manta komai ba.
Rumbu yana nan cike,
tabarmar shanya ce ta yi mata kaɗan,
ita na faɗaɗa.

Na canja mata batirin agogo, ɗan ƙwandala,
don kullum ta farka sai ta ce yau ɗaya ga Janairu.
A tsagar gefe na zura kati mai baki biyu
ko jikarsa Dudu za ta kwashe takardun a filas.

Ya sa tabarau, ya buɗe awon wata shekara,
yana bin sunaye da ɗan yatsa.
"Wannan ya rasu. Wannan ya koma gyaɗa.
Wannan har yau ina binsa sefa ɗari biyar."
Ya yi dariya har da tari.

Ya ƙirga kuɗina sau biyu, ya ba ni,
ya sake laluba aljihu zai biya.
Na riƙe hannunsa.
Ya ce, "Allah ya yi albarka, Bakari."
Bakari mahaifina ne, ya shekara tara a ƙasa.
Na amsa.

Bayan ya hau babur
na ga sukuru ɗaya a murfin kwalba,
mai cinyayyen kan.