Ba Ka Ciki

A Jharkhand ƙasa na cin wuta ta ciki,
ta daɗe tana ci, ba ta ƙoshi ba.
Somra Hembrom ya san ta da tafin ƙafa,
inda take huci, inda take tsagewa.

Shekara ashirin da shida
kwandon kwal na bisa kansa,
daga bakin rami zuwa bayan mota,
har gashin tsakar kai ya yi ƙaura.

Ran Talata aka liƙa sanarwa:
an rufe rami na huɗu.
Wani mai farar hular kwano ya yi bayani,
wai duniya zazzaɓi take yi,
hayaƙi ne ciwonta.
Somra ya gyaɗa kai.
Wa zai koya masa hayaƙi?
Yana da shi a ƙirji,
baƙi ƙirin yake tofar da shi kowace asuba.

"Na yarda," in ji shi, "a kashe wutar.
To, ta murhuna fa?"

Aka buɗe littafin sallama.
Masu lamba a aljihu suka bi layi,
kowa da haƙƙinsa cikin ambulan.
Akawu ya bi sunaye da ɗan yatsa,
ya juya shafi, ya sake juyawa:
"Ba ka ciki.
Ɗan kwangila ne ya ɗauke ka,
shi kuwa ya bar gari tun jiya."
Kura da shan bugu,
gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu a filin da Jhano ke kiwon awaki
an shuka madubai sahu-sahu,
suna tatsar rana, ba tari, ba toka.
Abin da kyau, ba ƙarya.
Mutum goma sha biyu ke wanke su,
'yarsa Fulmani ce ta tara.
Kuɗin yini a tafin hannu,
ba takarda, ba lamba, ba hutun ciwo.
Sabuwar riga, tsohuwar ƙaya.

Daren jiya ta sayo littafi mai bango ja.
Gida gida take bi da tocila,
tana rubuta waɗanda aka tsallake:
wane, shekara goma sha tara,
wance, talatin, da yatsu biyu da rami ya ci.
Gobe za su kai ofishin gunduma, su duka.

Da ta zo kan ubanta tawada ta ƙare.
Ya dubi babban yatsansa,
ya huro masa numfashi,
ya danna.

Ya fito sarai.